Dan Allah a taimaka: na zana logo da Paths a GIMP amma mai kota ya ce ba zai yanku ba

Rukayya_Nima:

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu aikin zane a kwamfuta ina neman taimako kuma abin na da ɗan gaggawa. Makarantar unguwarmu a nan Nima a Accra za su yi walimar saukar Alƙur'ani ƙarshen wata, malam ya ce tunda ina koyon dizain ni zan haɗa musu rigunan yara da banna babba da za a rataya a bakin layi. Logon makarantar tsoho ne, wanda ya zana shi tun farko ba ya gari kuma babu mai asalin fayil ɗin, abin da aka turo min hoto ne da wani ya ɗauka da waya a jikin tsohon satifiket, faɗinsa fiksel 400 kacal, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto. Zobe biyu ne ɗaya cikin ɗaya, tsakiya akwai allo da kurtun tawada da alƙalami, sama sunan makaranta da Larabci ya bi zoben ya lanƙwasa, ƙasa kuma an rubuta da boko.

Na buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta GIMP 2.10 don ita ce a laftof ɗina, na danna B na ɗauki Paths, abin zana hanyar layi, na bi zanen kaf ina ɗiga nod, wato ɗigon da ke riƙe layin, ina ɗiga nod har na zagaye komai, sai na shiga Edit na danna Stroke Path na sa kauri 8, layi ya fito baƙi fes a sikirin har na ji daɗi. Na fitar da fayil ɗin hoto na PNG na kai New Town wajen wani mai buga riga, ya yi zum ya nuna min bakin layin duk ya yi haƙora-haƙora, ya ce wannan hoto ne shi kuma kotarsa, wato injin da ke yanka zane da wuƙa, bekta take ci, zanen da kwamfuta ke riƙewa da layuka ba da fiksel ba. Na koma gida na lalubo Export Path na fitar da fayil ɗin bekta na SVG na tura masa. Yanzu kuma ya ce e bekta ne amma layin siriri ne sosai kaurin da na sa babu shi, da ya gwada a guntun fileks, ledar nan da ake yankawa a manna a riga, wuƙar tsakiya ta bi sau ɗaya ta tsaga kawai, babu abin da za a ɓare a manna a riga. Kuma wai zobena yana da gwiwa-gwiwa, injin sai tsayawa yake yana karkarwa.

To ina kaurin nawa ya tafi? Kuma ya ake yi lanƙwasa ta fito sumul, don ni duk yadda na ƙara nod sai abin ya ƙara muni. Ba ni da kuɗin sayen manhajar Corel ko Illustrator yanzu gaskiya. Allah ya saka da alheri.

Sadik_Aboabo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki wahalar da kanki, GIMP na gyaran hoto ne, ki sauke Inkscape kyauta ne ko pesewa ba a biya kuma ba shi da nauyi a laftof. Ki jefa hoton ciki ki danna Shift+Alt+B, Trace Bitmap zai buɗe, shi ne ke bin hoto da kansa ya mayar da shi layi, ki ɗan riƙa motsa lambar hasken har zanen ya fito baƙi da fari sosai sai ki danna Apply, shikenan ya zama bekta. Ki goge hoton da ke ƙasa ki yi sebin da SVG ko PDF ki tura masa. Ni haka nake yi wa 'yan ƙwallon unguwarmu bajen jesi, kafin shayi ya huce an gama.

Masta_Awudu_Asafo:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata aikinki bai lalace ba, kar ki goge komai, abu ɗaya ne ya rage ki gane sauran duk zai zo da sauƙi. Sadik sannu da ƙoƙari, Inkscape ɗin da ka ce daidai ne, amma maganar tiresin, wato Trace Bitmap ɗin nan, zan dawo kanta don ban yarda da ita a wannan aikin ba.

Abin da kika zana da Paths da baƙin layin da kika gani bayan kin danna Stroke Path abu biyu ne daban. Hanyar da kika zana ba ta da kauri ko kaɗan, ba ta da kala, lissafi ne kawai kwamfuta ta riƙe, nod yana nan wani yana can tsakaninsu a lanƙwasa kaza. Kin ga tela in zai yi aiki a wuyan riga alli yake fara ja sannan ya bi da zare, to allin shi ne hanya, zaren shi ne sitirok. Da kika ce wa GIMP ya bi hanyar da kauri 8, fenti ya zuba a kan leyar, wato shimfiɗar zanen, da kike kai, fiksel takwas a faɗi, daga lokacin nan baƙin layin ya zama hoto ba ruwansa da hanyar kuma. Gwada ki gani, ki matsar da nod ɗaya yanzu, hanya za ta matsa baƙin layin yana nan inda yake. Photoshop ma in aka bi hanya da buroshi haka yake yi. Shi ya sa PNG ɗinki ya fashe da aka yi zum, shi ya sa kuma SVG ya je babu kauri, don Export Path hanyar kaɗai yake ɗauka ya ɗora mata siririn layi mai kauri 1 don dai a gan ta.

Ita kuma kota ba ta da ido, wuƙa ce a bakin inji, hanya take bi. Ko kin sa kaurin layi ya kai santimita biyu, in dai sitirok ne yawancinsu tsakiya za su bi sau ɗaya su wuce. In kina son zobe mai kauri ya fito a fileks dole wuƙa ta zagaya sau biyu, waje da ciki, abin da ya rage a tsakani shi ne zoben da za a manna. Saboda haka ki buɗe SVG ɗin nan naki a Inkscape, ki fara sa girman da za a buga na gaskiya da santimita, sannan ki danna Shift+Ctrl+F ki sa kaurin layi da milimita, in ya yi miki sai Ctrl+Alt+C wato Stroke to Path. Nan take layin zai koma siffa mai baki biyu. Bayan nan ki zaɓi duk abin da yake kala ɗaya ki danna Ctrl da + ya haɗe su su zama abu guda, in ba haka ba inda alƙalami ya hau kan allo wuƙa za ta ratsa ta ciki ta yanka miki aiki biyu. Mu 'yan Corel Ctrl+Shift+Q muke dannawa sannan Weld, a Illustrator kuma Outline Stroke ne, duk abu ɗaya. Amma ki ajiye kwafi ɗaya a gefe kafin ki juya, don bayan ya zama siffa rage kauri aiki ne babba, gobe malam zai iya cewa zoben ya yi kauri da yawa.

Kafin ki tura wa kowa, ki shiga View ki sa Display Mode a Outline. Kala duk za ta ɓace sai ƙasusuwan zane, abin da kika gani a nan shi wuƙa za ta bi, babu ƙari babu ragi.

Maganar gwiwa-gwiwa kuma, yawan nod ne. Dannawa kike kina saki, duk danna-saki miƙaƙƙen layi yake bayarwa, kin tara gajerun miƙaƙƙun layuka da yawa kina so su zama da'ira, kowace mahaɗa injin sai ya juya wuƙa, karkarwar da ya gaya miki kenan. Zobe ma ba a zana shi da hannu sam, ki danna E ki riƙe Ctrl ki ja, kin samu da'ira cikakkiya. Allo murabba'i ne da 'yar ƙota a sama, nod kaɗan ya ishe shi. Kurtu ne kawai da bakin alƙalami za su nemi lanƙwasa ta hannu.

Yanzu Sadik. Hoton nan da waya aka ɗauka a jikin takarda, ko ban gani ba na san a karkace yake, akwai inuwa gefe ɗaya, kuma fiksel 400 ne. Tiresin abin da ya gani yake bi, ya ga zobe a karkace zai ba ka zobe a karkace, ya ga dishi-dishi a bakin harafi zai bi dishi-dishin da ɗaruruwan nod, ƙananan haruffan Larabci kuwa narkewa za su yi su haɗe. A baje ɗan ƙarami ba za a lura ba, a banna mai mita uku a bakin titin Nima kowa zai gani. Sunan makarantar Alƙur'ani ne, bai kamata ya fita haka ba.

Rukayya_Nima:

Allah ya ƙara girma Baba Awudu, wallahi yanzu na gane, na matsar da nod ɗin kamar yadda ka ce layin bai bi shi ba. Yaya Sadik na gode, na sauke Inkscape ɗin, zoben biyu har na yi su da E sun fito tsaf. Inda na tsaya yanzu kurtun ne, in na danna na ja sai wasu sanduna biyu su fito daga nod ɗin layin ya murɗe ya tafi inda ban nufa ba, ban san tsawon da zan ja ba ban san ta ina zan ja ba. Sannan rubutun Larabcin shi ma bin sa zan yi harafi-harafi da hannu? Don in haka ne walima za ta zo ban gama ba.

Jamilu_Tek:

Slm 'yar uwa, ni ɗalibi ne a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, bari in ɗora kaɗan a kan abin da Masta ya faɗa don sandunan nan su ne duk sirrin abin.

Lanƙwasar da kike zanawa sunanta Bézier, sunan wani injiniya ne Bafaranshe Pierre Bézier da ya yi aiki a kamfanin mota na Renault, a shekarun 1960 ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota, kafin shi kuma Paul de Casteljau ya riga ya fitar da lissafin a Citroën a 1959. Illustrator da ya fito 1987 da CorelDRAW a 1989 da Inkscape a 2003 da Paths ɗin GIMP duk wannan lissafin suke bi, shi ya sa in hannunki ya faɗa a ɗaya kin iya sauran. Kowane gaɓa na lanƙwasa maki huɗu ne ke riƙe da shi, nod biyu a farko da ƙarshe da kan sanduna biyu. Layin yana ratsa nod amma ba ya taɓa kan sanda, janyo shi kawai sandar take yi. Inda sanda ta nuna nan layi zai fuskanta lokacin da yake barin nod, tsawonta kuma shi ne yadda zai daɗe a wannan fuska kafin ya juya. Murɗewar da kike gani ko dai kin ja sandar baya maimakon gaba, ko ta yi tsawo har ta gitta ta 'yar uwarta. Kullum ki ja ta inda za ki, in kina zagaya kurtu daga sama zuwa dama to dama za ki ja.

Tsawo kuma ga ma'auni mai sauƙi, sanda ta kai kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon gaɓar. A da'ira ma an san lambar, nod huɗu ne sama ƙasa hagu dama, kowace sanda 0.5523 ce ta nisan tsakiya zuwa baki, wato in nisan santimita 10 ne sanda santimita 5 da rabi da ɗan ɗoriya. Ki juya ɗaya daga zobenki da Shift+Ctrl+C ki danna N ki kalli yadda sandunan suka kwanta, darasi ne babba. Haka za ki yi wa kurtun, nod a inda cikinsa ya fi fitowa hagu da dama, sandunansu a tsaye cak, nod a gindi sandarsa a kwance, ki riƙe Ctrl lokacin ja don kar ta karkace. Kar ki sa nod a tsakiyar lanƙwasa inda babu abin da ya canja. Kuma tunda kurtu hagu da dama iri ɗaya ne ki zana rabi kawai, Ctrl+D ya kwafa, H ya juya shi, ki haɗa.

Nod kuma iri-iri ne. Inda wuyan kurtu ya haɗu da cikinsa kusurwa ce, ki zaɓi nod ɗin ki danna Shift+C, kowace sanda za ta yi gabanta. Inda kike son sumul Shift+S, sandunan biyu za su miƙe a layi ɗaya. Ni shawarata kar ki tsaya gyara lokacin da kike zagayawa, ki zagaya da sauri ko da ya yi muni ki rufe hanyar a kan nod na farko, sannan ki dawo da N ki zauna ki gyara ɗaya-ɗaya, har layin kansa ana kamawa a tsakiya a ja. Ki sa hoton a leyar ƙasa ki rage haskensa ki kulle, ki zana da jan siririn layi babu cika don ki riƙa ganin abin da ke ƙasa.

Sai abu ɗaya da ke cin mutane, girma. Inkscape yana lissafin fiksel 96 a inci ɗaya, Illustrator 72 yake ɗauka, don haka SVG zai iya buɗewa a wata kwamfuta da wani girma daban. Ki tura PDF tare da shi kuma ki rubuta masa a saƙo faɗin logo santimita kaza ne.

Anti_Fati_Madina:

Rukayya 'yata sannu da aiki, na ji daɗi da na ga mace a wannan sana'ar, mu kaɗan ne. Maza sun yi miki bayanin kwamfuta, ni bari in yi miki na tebur don ni ce nake zama da tsinke ina ɓare fileks.

Da farko ki tambayi kanki dole ne sai fileks? In DTF za a yi, wato a buga zanen a kan fim a manna a riga da zafi, ba a buƙatar kota, PNG mai bango a buɗe ya isa in dai ya cika, logo mai faɗin santimita 25 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a inci ɗaya, yana neman fiksel wajen 2950, naki na 400 kuwa a 300 dpi santimita 3 da 'yan kai kawai zai bayar, shi ya sa ya fashe. Amma ko DTF ɗin ne ki gama bektar, daga ita za ki fitar da kowane girma kike so har na bannar, kuma baɗi ba sai an sake wahala ba. In kuma rigunan da yawa ne kala ɗaya, ki tambayi farashin sikirin firintin ma, bugun da ake tura fenti ta cikin raga, yakan fi sauƙi in adadi ya yi yawa.

In fileks ɗin ne to ki saurare ni. Duk abin da ya yi siriri a sikirin yana da kyau, a tebur masifa ne. Ni layin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba ba na karɓa a rigar yara, yana tsinkewa wajen ɓarewa, wanda ya tsira kuma wanki kaɗan ya ɗago. Bakin alƙalamin nan naki kar ki bar shi da tsini sosai, a wurin Join ki zaɓi mai zagaye kafin ki danna Ctrl+Alt+C, don mai kaifin nan in kusurwa ta matse sai ya fitar da dogon tsinke da ba ki zana ba, kuma daga tsini fileks yake fara tashi.

Larabcin kar ki bi shi da hannu in dai rubutun inji ne. Ki rubuta shi sabo, akwai font mai suna Amiri kyauta ne kuma naskhinsa na da kyau, ki zana wata da'ira tsakanin zobenki biyu ki zaɓe su tare ki shiga Text ki danna Put on Path. Amma ki sa ido, haruffan Larabci a haɗe suke, in suka hau lanƙwasa kowane harafi yana ɗan juyawa shi kaɗai sai mahaɗar ta buɗe ko ta hau juna. Bayan kin juya rubutun ya zama hanya ki yi zum sosai ki bi mahaɗa ɗaya-ɗaya ki ja nod su shiga juna, sannan ki haɗe da Ctrl da +. In ba ki haɗe ba wuƙa za ta datse tsakanin kowane harafi da ɗan uwansa. Sai ɗigo, wannan shi ne ciwon kaina kullum, ɗigon haruffan ba da ta da nun ƙanana ne suna bin ɓawon su tafi ba ka sani ba, an rasa ɗigo ɗaya harafin ta ya koma nun, suna ya canja. Ki ɗan ƙara musu girma, wasulla kuma in malam ya yarda a bar su a riga a sa su a banna kawai. Kuma kafin ki juya rubutu ki buga a takarda ki kai wa malam ya karanta da idonsa, bayan ya zama hanya ba a gyara harafi sai an sake daga farko. Na bokon ma ki duba, in akwai ƙ ko ɗ ba kowane font ke da su ba, Noto Sans da Andika suna da su.

Fileks na riga ta baya ake yanka shi, dole a juya zanen kafin yanka. Ki tambaye shi wa zai juya, ke ko shi, don in kowa ya juya an koma gidan jiya. Kuma ki tura fayil a matsayin dokumen, WhatsApp yana matse hoto in aka tura shi a hoto.

Sadik_Aboabo:

Masta na ji kuma na karɓa, a kan zobe da allo kai ne da gaskiya, ban yi tunanin banna ba. Amma dan Allah kar a jefar da tiresin gaba ɗaya don akwai inda bin zane da hannu ba zai iya ba. Tsofaffin logon makarantun zango da yawa sunan ba rubutun inji ba ne, malam ne ya rubuta da alƙalamin kara da tawada irin rubutun allo, fa ɗigo ɗaya a ƙasa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, in aka sa Amiri ya zama wani abu daban, tsofaffin ɗalibai za su ce wannan ba logonmu ba ne. Rukayya ki duba da kyau, in rubutun hannu ne ki roƙi malam ya sake rubuta shi babba a farar takarda da baƙar tawada, a yi sikanin a 600 dpi ba ɗauka da waya ba, wannan kam Trace Bitmap zai fitar da shi tsaf don injin da ke cikinsa Potrace ne na Peter Selinger kuma baƙi da fari shi ne aikinsa. In nod sun yi yawa Ctrl+L sau ɗaya ya rage, kar ki yi ta dannawa don yana cinye kusurwa harafi ya kumbura.

Masta_Awudu_Asafo:

Wannan magana ce Sadik, Allah ya yi albarka. Mun yi irin haka tun muna yanka sitensil da reza, hannun malami ba a kwaikwayonsa. Abin da zan ƙara kawai, 'yata ki zana masa lanƙwasar da fensir a takardar ya rubuta a kanta yadda za ta zauna a zoben, sannan a goge fensirin kafin sikanin. In ya rubuta a miƙe kika zo lanƙwasawa a kwamfuta haruffan za su buɗe ta sama su matse ta ƙasa.

Rukayya_Nima:

Alhamdulillah, Allah ya biya ku duka. Yaya Sadik ka canka, rubutun hannu ne, na nuna wa malam ya ce marigayi mahaifinsa ne ya rubuta na farkon, ya yi murna sosai ya zauna ya sake rubutawa a kan lanƙwasar fensir kamar yadda Baba ya ce, an yi sikanin na yi tiresin ya fito da kyau, ɗigon na ƙara musu girma Anti. Kurtun ma ya yi, Yaya Jamilu dabarar zana rabi ta taimake ni ƙwarai. Sai dai matsala ɗaya ta fito yanzu, na sa wata 'yar farar siffa a kan kurtun a matsayin bakinsa da fararen layuka uku a kan allon kamar rubutu, da na zaɓi duka na danna Ctrl da + sai duk fararen suka ɓace allon ya zama baƙi ƙirin. Na danna Ctrl+Z na dawo, ina nan ban taɓa komai ba.

Jamilu_Tek:

Madalla. Haɗewa ba ta kallon kala, siffa kawai take gani, farin da ke kan baƙi a wurinta duk cikin allon ne sai ta haɗiye shi. Ke rami kike so a wurin don kalar rigar ta leƙo, to hudawa za ki yi. Ki fara haɗe fararen layukan uku su kaɗai su zama abu ɗaya, ki tabbatar suna sama, ki zaɓe su tare da allon ki danna Ctrl da - wato Difference, na sama zai huda na ƙasa. Bakin kurtu ma haka, shi da kurtun su biyu. Bayan duk ramukan sun fita sai ki haɗe baƙaƙen. Don ki tabbatar ki zana babban murabba'i kore ki tura shi can ƙasa da End, duk inda ya kamata riga ta fito ki ga kore, har cikin mim da wau na rubutun malam, in kin ga fari a wani wuri to akwai siffar da ta rage. Ramukan layin allon ma kar su gaza ma'aunin da Anti ta faɗa. Ki goge koren da hoton leyar ƙasa kafin ki yi sebin, kuma ki ce ya fara yanka guda ɗaya a manna a tsohuwar riga ki kai wa malam ya gani kafin ya yanka sauran.